An rufe min akawun bayan shekara uku ina tuƙi a manhaja: ni ma'aikaci ne ko mai zaman kansa?

Tambayar da aka turo min a taƙaice ita ce: wani bawan Allah direba a Abuja, shekararsa uku yana ɗaukar fasinja ta ɗaya daga cikin manhajojin nan na kiran mota, rannan ya tashi da asuba zai fita nema ya buɗe waya ya tarar an rufe masa akawun, saƙo layi ɗaya wai ya saɓa ƙa'ida, ba a faɗi wace ƙa'idar ba, ga kuɗinsa na kusan sati guda a ciki. Ya tura ƙorafi ya fi sau goma, amsa ɗaya ake dawo masa da ita. A majalisarsu gardama ta kaure, wasu sun ce ai ma'aikacinsu ne dole su biya shi haƙƙin sallama, wasu sun ce mota tasa ce, mai nasa ne, ba wanda ya ɗauke shi aiki, ya haƙura kawai. Yana tambaya wa ya fi gaskiya, kuma me zai yi.

Malam, da farko Allah ya musanya maka da mafi alheri, na san yadda abin yake a ce magidanci ya kwana da sana'a ya tashi babu. Ni lauya ne kuma yawancin aikina a shari'ar ƙwadago yake, saboda haka zan gaya maka yadda abin yake tsakani da Allah, har da inda doka ba ta gefenka.

Duka ɓangarorin biyu na majalisarku kowa ya kama wani abu ya saki wani. Masu cewa dole a biya ka sun yi gaggawa, don har yau ba a samu kotun Najeriya da ta fito ta ce direban manhaja ma'aikacin kamfani ne ba. Masu cewa ka haƙura su kuma sun fi yin kuskure, don sun ɗauka abin da aka rubuta a takardar da ka danna "na amince" shi ke nan magana ta ƙare, alhali a shari'ar ƙwadago ba sunan da aka kira ka da shi ake dubawa ba, yadda zaman yake a zahiri shi ake dubawa. Su kira ka abokin hulɗa, su kira ka ɗan kwangila, su kira ka duk abin da suka ga dama, alƙali tambayarsa ita ce wa ke juya wa. Wannan ƙa'ida ce sananniya, ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta rubuta ta a shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006, kuma kotun masana'antu tamu, wadda ke sauraron rigingimun ma'aikata da iyayen gidansu, tana aiki da ita.

Kuma mu wannan gardamar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malami aka yi babin ijara ya san an raba ɗan ƙwadago gida biyu, akwai wanda mutum ɗaya ya ɗauke shi ya mallaki lokacinsa, kamar yaron shago ko mai gadi, akwai kuma na kowa da kowa, kamar tela ko mai wanki, wanda shi yake yanka kuɗinsa, ya karɓi aikin wanda ya so ya ƙi na wanda ya so. Dokar Turawan da muka gada ita ma haka ta raba. To matsalar ita ce kamfanonin nan suna cewa kai tela ne, amma suna juya ka kamar yaron shago. Ka taɓa ganin telan da wani ke yanka masa kuɗin ɗinki, ya hana shi sanin lambar kastomansa, kuma in ya ƙi karɓar ɗinki uku a jere a kulle masa shago? To a nan gizo yake saƙa.

Bari mu zo kan dokarmu. Dokar ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce, tun shekarun 1970 zamanin Janar Gowon aka yi ta, lokacin ko wayar tarho ta girke ba kowane gida ba. Sashe na 91 shi ya fassara wane ne ma'aikaci, kuma akwai wata gaɓa a ciki da mutane ba sa lura da ita, ba ta tsaya ga mai albashin wata ba, ta haɗa har da wanda ya yi yarjejeniyar zai yi wani aiki da kansa da jikinsa, ko a rubuce ko da baki. Wannan gaɓar tana taimakonka, don kai da kanka kake tuƙin, hotonka ne a akawun, har hoton fuska suke sa ka ɗauka don su tabbatar ba wani ka ba wa ba.

Amma ga inda take ƙasa tana dabo. A shekarar 2008 kotun ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta jero abubuwan da ake dubawa in ana son a bambance ma'aikaci da ɗan kwangila. Albashi ake biya ko lada kan kowane aiki, wa ya kawo kayan aiki, akwai ƙayyadadden lokacin zuwa da tashi ko babu, a ina ake yin aikin, mutum zai iya wakilta wani ya yi masa ko ba zai iya ba. In ka ɗora kanka a kan wannan sikelin ba tare da son kai ba za ka ga da yawa sun karkata wajen kamfani, motar taka ce, kai kake sayen mai, kai kake biyan bakanike, ba wanda ya ce dole ka fito ƙarfe bakwai, kuma mu faɗi gaskiya yawancinku manhaja biyu ko uku ne a waya, wadda ta fara ƙara ita ake bi. Lauyan kamfani da wannan zai fara, da shi zai rufe. Duk wanda ya ce maka shari'ar nan cin tuwo ce bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

An taɓa gwadawa. A 2017 wasu direbobi biyu a Legas suka maka Uber da Taxify, wanda yanzu ya koma Bolt, a kotun masana'antu, suna neman a ce su ma'aikata ne, a ba su fansho da inshorar lafiya da sauransu. Mai shari'a Benedict Kanyip, wanda daga baya ya zama shugaban kotun, shi ya yanke hukunci a Disamba 2018, kuma ya kori ƙarar. Daga nan ne labari ya bazu wai kotu ta ce direbobi ba ma'aikata ba ne. Wallahi ba haka ta ce ba, kuma wannan ita ce gaɓar da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan. Abin da kotu ta ce shi ne masu ƙara ba su kawo hujjojin da za a ɗora hukunci a kansu ba. Sun zo da dogon bayani na doka amma ba su shimfiɗa wa alƙali yadda aikin yake gudana a kullum ba. Har ma alƙalin ya yarda cewa yanayin aiki yana sauyawa a duniya, akwai aikin da ake ɓoye shi a cikin wata riga, kuma zahiri shi ne abin bi. Wato ƙofar ba a rufe take ba, cewa aka yi ku dawo da shaida.

Ka kwatanta da Ingila. Can ma direbobi ne suka fara, Yaseen Aslam da James Farrar da 'yan uwansu, suka ci a ƙaramar kotun ƙwadago a 2016, Uber ta yi ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, ranar 19 ga Fabrairu 2021 alƙalai gaba ɗayansu suka ba direbobi gaskiya. Abin da ya ci musu shari'ar ba wani dogon turanci ba ne, abubuwa ne da kai ma ka san su kamar yunwar cikinka. Kamfani ne ke yanka kuɗin tafiya direba ba shi da ta cewa. Kamfani ne ya rubuta yarjejeniyar shi kaɗai, kai naka ka danna ko ka bari. In kana yawan ƙin karɓar kira ko sokewa akwai horo, a fitar da kai daga manhaja na ɗan lokaci. Taurarin da fasinja ke ba ka ba don ado ba ne, sanda ce, in suka yi ƙasa a yi maka gargaɗi, in ba su tashi ba a sallame ka. Sannan an tsara abin yadda kai da fasinja ba za ku ƙulla wata alaƙa ba bayan an sauke shi, wato ba za ka taɓa tara kastomomin kanka ba. Kotu ta ce wanda ke cikin wannan halin ba ɗan kasuwa ba ne, don hanya ɗaya ce gare shi ta ƙara samu, ya ƙara awanni a kan sitiyari. Har ta ce lokacin aiki yana farawa ne daga sanda ka kunna manhaja kana jiran kira, ba daga sanda fasinja ya shigo ba. Ka tuna zaman da kuke yi a wajen ajiye motoci na filin jirgin Abuja, awa biyu awa uku cikin rana kana kallon layi yana raguwa a waya, ka kasa ko zuwa cin abinci don kar layinka ya wuce, to a fahimtar waccan kotun wannan zaman ma aiki ne. Wata guda bayan hukuncin Uber ta sanar cewa direbobinta sama da 70,000 a can za su samu mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho.

Sai dai kar mu ɗauko hukuncin Ingila mu yafa kamar mayafi. Su suna da aji uku, cikakken ma'aikaci, mai zaman kansa, da wani aji a tsakiya, kuma a na tsakiyar aka sa direbobin. Mu ba mu da wannan tsakiyar. Sannan ita dai wannan kotun ƙolin a Nuwamba 2023 ta juya wa masu kai abinci na Deliveroo baya, babban dalili shi ne su an yarje musu su ba wani ya yi aikin a madadinsu. Wannan ya shafe mu sosai, don a nan sanannen abu ne mutum ya ba ƙaninsa akawun da daddare ko ya ba da shi haya. In kana yin haka, ka raunana hujjarka ta cewa da jikinka kake aikin, kuma ka ba su halastaccen dalilin rufewa. Ban ce ka yi ba, amma in ka yi ka gaya wa lauyanka tun farko kar ya ji a bakin abokin gaba.

Hukuncin waje ba ya ɗaure alƙalinmu, amma yana da amfani ta wata hanya. Gyaran kundin tsarin mulki na uku da aka yi a 2010 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba kotun masana'antu ikon duba rashin adalci a wajen aiki da kuma yadda ake yi a ƙasashen duniya. Ba kowace kotu ke da wannan damar ba. Da shi ne kotun ta sha yanke cewa tsohuwar maganar nan ta ubangida zai iya korar yaronsa da dalili ko ba dalili ta daina ci, a kawo dalili. Kuma kotun tana da reshe a Abuja da Kano da Kaduna da wasu jihohin, ba sai an je Legas ba.

To a ce an ci shari'ar, me za a samu? Nan ma gara in rage maka buri. Dokar ƙwadago ba ta tanadi wani makudan kuɗin sallama ba, sashe na 11 notis ya ce a bayar, wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar sati biyu, wanda ya kai biyar wata guda, ko a biya kuɗin madadinsa. Kai da shekara uku kana ajin sati biyu ke nan. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a Yuli 2024, dokarsa ta cire masu aikin kamasho da masu karɓar lada kan kowane aiki, saboda haka ko nan akwai jan aiki. Inda ribar take da gaske wuri biyu ne. Fansho, wanda dokar 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8. Sai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke kula da ita, inda kamfani ke zuba kashi 1 na abin da yake biyan ma'aikata, in mutum ya yi haɗari ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko iyalinsa. Ni a wajena wannan ta biyun ita ce uwa uba, don direbobi nawa aka kira da daddare aka kai su lungu aka ƙwace mota, wasu ma aka raba su da ransu, iyali suka tashi ba mota ba mai gida ba kowa. Kamfanin da ke cire kashi 20 zuwa 25 a kowace tafiya bai kamata a ce ranar da jini ya zuba ya ce shi dillali ne kawai ba. Ko dillalin kasuwar shanu in ciniki ya ɓaci ana nemansa a gan shi.

Kuma ka duba yadda aka raba asara. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai adaidaita a Kano washegari ya ƙara kuɗin mota da bakinsa, mai tasi na tasha ma haka, ko mai biyan balas yana iya zama da mai mashin su sake lissafi. Kai kuwa sai da ka jira wani da ba ka taɓa gani ba ya danna wani abu a kwamfuta. Wannan shi ne bambancin mai zaman kansa na gaskiya da wanda aka laƙaba wa sunan. Shi ya sa ma ba duk manhajojin ne hukuncinsu zai zo ɗaya ba, irin inDrive da ake ciniki tsakanin direba da fasinja hujjar iko a kan farashi ta fi rauni a kansu.

Yanzu bari in zo kan abin da zai fi yi maka amfani a wannan watan, don waccan shari'ar ta shekaru ce kuma ba ta mutum ɗaya ba ce.

Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023, mutane sun ɗauka ta masu banki ce da masu manhajar bashi kawai, alhali ta shafe ka kai tsaye, kuma daɗinta ba ruwanta da ko kai ma'aikaci ne ko ɗan kwangila, in dai suna riƙe da bayananka shi ke nan. Sashe na 34 ya ba ka damar ka nemi su ba ka kwafin bayanan da suka tara a kanka su kuma gaya maka me suke yi da su. Sashe na 37 ya ce kana da haƙƙin kar na'ura ita kaɗai ta yanke hukuncin da zai taɓa rayuwarka sosai, kuma ko a inda doka ta yarje musu, misali sun ce yarjejeniya ce ta buƙaci haka, dole su ba ka damar ɗan Adam ya duba, ka faɗi ta bakinka, ka ƙalubalanci hukuncin. Raba mutum da abincinsa in bai shiga abin da ya taɓa rayuwa sosai ba to ban ga me zai shiga ba. Yawancin rufewar nan ba mutum ne ke yi ba, kwamfuta ce ta ga wani abu, wataƙila hoton fuskarka bai yi daidai ba saboda duhu ko ka tara gemu, wataƙila taswira ta yi tsalle ta ɗauka kana zagaye don kuɗi ya ƙaru, wataƙila fasinja ɗaya ya yi maka ƙarya don a mayar masa da kuɗinsa. A Holan an yi irin wannan, kotun ɗaukaka ƙara ta Amstadam a Afrilu 2023 ta ba direbobi gaskiya a kan Uber da wani kamfanin irinsa mai suna Ola, ta ce duban da aka ce mutum ya yi kafin a rufe su bai wuce na jeka-na-yi-ka ba, kuma dole a yi musu bayani. Dokarmu kusan a kan tasu ta kare bayanai, wato ta Tarayyar Turai, aka gina ta. In suka yi biris da kai, kana iya kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa NDPC a Abuja, kuma tarar da doka ta sa wa manyan kamfanoni tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Wasiƙar da ta ambaci wannan sashen ba teburin masu amsa saƙo take tsayawa ba, wajen lauyoyinsu take zuwa.

Na ga wannan da idona. Wani direba ya zo ofishina da wayarsa gilashin duk ya tsage, ya miƙo min yana cewa Barista duba ka gani, saƙon bai fi kalma goma ba. Na ce nuna min tafiye-tafiyenka na watan jiya, ya danna ya danna, shafin ba ya buɗewa, tafiya dubbai da taurarinsa da yake alfahari da su duk sun tafi tare da akawun, abin da ya rage masa alat ɗin banki ne kawai da wata 'yar takarda a aljihun gaba da yake rubuta kuɗin mai. Da alat ɗin muka fara. Muka rubuta wasiƙa shafi ɗaya, aka ɗauki makonni, a ƙarshe dai suka faɗi dalili, wai na'urarsu ta ga kamar ba shi ne a hoton ba. Da aka san dalilin sai magana ta zama mai sauƙi, don abu ne da ake iya warwarewa da katin ɗan ƙasa da lasisi. Ba kowa ne zai dace haka ba, amma mutumin da bai san laifinsa ba ta ina zai fara kare kansa.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin komai, ka ɗauki hoton saƙon rufewar da kwanan wata, da duk amsoshin da suka ba ka, ka shiga imel ɗinka ka nemo rasiɗan mako-mako da suke turowa, ka je banki ka ciro sitetimen na shekara ukun. In kana da tsofaffin saƙonnin gargaɗi, irin su karɓarka ta yi ƙasa ko taurarinka sun sauka ko za a dakatar da kai, kar ka goge ko ɗaya, waɗannan su ne ainihin abin da aka rasa a shari'ar 2018, su ne ke nuna wa ke riƙe da sanda. Su kuma abokanka da ba a rufe ba tukun, gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, su riƙa ɗaukar hoton shafinsu duk ƙarshen sati suna tura wa kansu.

Maganar kuɗinka da ke ciki kuwa daban ce, kar ka bari a cakuɗa ta da gardamar ma'aikaci ko ba ma'aikaci ba. Wannan bashi ne, ka yi aiki fasinja ya biya, ko a yarjejeniyar tasu ma sun ce kuɗin naka ne su karɓa suke yi a madadinka. In suna da'awar ka yi maguɗi a wata tafiya, su nuna tafiyar su cire nata, ba su riƙe na sati guda ba. Ka nema a rubuce, in sun ƙi kotun da ke sauraron ƙananan basussuka ta isa.

Sai ƙungiya. A farkon 2023 ma'aikatar ƙwadago, lokacin Chris Ngige yana minista, ta ba ƙungiyar direbobin manhaja AUATON rajista, kuma tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC, su ne suka kira yajin aiki a Yunin shekarar bayan tashin mai. Rajistar ba ta mayar da ku ma'aikata a idon kotu ba, amma ta ba ku baki. Na lura 'yan uwanmu Hausawa direbobi a Abuja suna ja da baya da harkar, suna ganin ta mutanen Legas ce, sai a yi taro a yanke abin da ya shafe su ba su a wurin. Ku shiga. A Kenya gwamnati ta ƙayyade kamasho kar ya wuce kashi 18 a 2022, ba don kamfanoni sun ji tausayi ba, direbobi ne suka yi ta ajiye aiki har aka gaji. Tarayyar Turai a 2024 ta yi dokar da ta ce in alamun iko sun bayyana to a ɗauka mutum ma'aikaci ne, kamfani ne zai kawo hujjar ba haka ba, kuma ta hana na'ura korar mutum ba tare da ɗan Adam ya sa hannu ba, an ba ƙasashensu zuwa Disamba 2026 su shigar da ita dokokinsu. Ra'ayina irin wannan muke buƙata daga majalisarmu, a ɗauke nauyin kawo hujja daga kan mai waya ɗaya a ɗora wa mai riƙe da dukkan bayanan. Ni ba na cikin masu cewa a kori kamfanonin, dubban magidanta da masu digiri suna ci daga nan, kuma da yawanku kuna son 'yancin fita sanda kuka ga dama. Ana iya barin wannan 'yancin a kuma ce ba a rufe mutum sai an ji ta bakinsa.

Abu na ƙarshe, kafin ka je wajen kowane lauya ka nemo yarjejeniyar da ka amince da ita, tana cikin imel ko a shafinsu, ka duba abu biyu. Na ɗaya sunan kamfanin da ke saman takardar, don sau da yawa ba na Najeriya ba ne, uwar kamfanin ce ta wata ƙasa, na nan ɗin talla da horaswa kawai yake yi a takarda. A Afirka ta Kudu direbobin Uber sun ci a matakin farko, a Janairu 2018 kotun ƙwadago ta rushe nasarar saboda reshen ƙasar suka kai ƙara alhali da na Holan suka yi yarjejeniya. Na biyu ka duba ko an rubuta cewa duk rigima sai dai a je sulhu a wata ƙasa. In ka ga haka kar gabanka ya faɗi, kotun ƙolin Kanada a 2020 ta yi watsi da irin wannan sharaɗin da ya ce direba ya biya kusan dala 14,500 kafin a saurare shi a Holan, kuma ana iya yin irin wannan muhawarar a nan. Wasiƙar farko kuwa ko kai da kanka kana iya rubutawa, cikakken sunanka da lambar wayar akawun da lambar mota, ka ce bisa sashe na 34 da na 37 na dokar kare bayanai ta 2023 kana neman kwafin bayananka, da dalilin rufewa dalla-dalla, da mutum ya sake dubawa ya ji ta bakinka, da sakin kuɗinka, ka ba su kwana 30. Ka tura ta imel, ka kuma buga biyu ka kai ofishinsu, su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ka dawo da ita gida.